Bitar Excel wajen buga jadawali: lambar shafi ce ke ba shagunan kwamfuta na Katsina wahala

Kusan duk shagon kwamfuta a Katsina, daga na kan titin IBB har na bakin manyan makarantun da ke hanyar Dutsin-ma, da Excel ake aikin jadawali. Sakamakon ɗalibai ne, albashin ma'aikata ne, sunayen manoman da za a raba wa taki ne, lissafin kayan shago ne, duk a cikinsa ake yi. A wajen lissafi ba mu da abin cewa, Excel ya ci sunansa. Inda yake gajiyar da mutane shi ne lokacin da aikin zai hau takarda, musamman lambar shafi. Wannan bitar a kan nan ta tsaya, kuma bayanin ya shafi Excel 2010 zuwa na yanzu, tunda akwatin saitin shafi bai canja sosai ba a tsawon shekarun nan.

Abu ɗaya ne idan aka gane shi sauran duk sun zo da sauƙi. Excel ba ya ajiye shafuka a cikin fayil. Abin da yake ajiyewa layuka ne da ginshiƙai, sai a lokacin bugawa yake yanka su, gwargwadon girman takarda, faɗin gefe, firintar da kwamfutar ta sani, da abin da aka zaɓa a buga. Lambar shafi ma a wannan lokacin ake ƙirga ta. Shi ya sa fayil ɗin da ya fito shafi 11 a ofis yake fitowa 12 a shago, mai aiki ya ce, "Ranka shi daɗe, wallahi ban taɓa komai ba," kuma gaskiya ya faɗa.

Wajen sa lambar kanta, hanyar da muka fi yarda da ita ita ce ta Page Layout, a danna ƙaramar kibiyar da ke kusurwar rukunin Page Setup, a shiga Header/Footer, sannan Custom Footer. Akwati uku ne: hagu, tsakiya, dama. A na tsakiya a rubuta Shafi &P na &N. Alamar &P ita ce lambar shafin da ake kai, &N kuma jimillar shafuka. In an sake buɗe akwatin za a ga Excel ya mai da su kalmomin Page da Pages, duk abu ɗaya ne. Akwai kuma &A mai kawo sunan jadawalin da &D mai kawo kwanan wata. Wannan ɓangaren ya yi kyau, domin mutum na iya rubuta Hausarsa ko Turancinsa yadda ya ga dama. Sai dai a kula da sunan kamfani mai alamar & a ciki, irin masu "& Sons" ɗin nan. In aka rubuta ta sau ɗaya Excel zai ɗauka umarni ne, ya haɗiye ta, wani lokaci har da harafin da ke biye. Sai an rubuta && sannan take fitowa ɗaya a takarda.

Aibi na farko shi ne ba a ganin lambar a fuskar da ake aiki kullum. Sai an koma View, Page Layout, ko an danna Ctrl+P. Rubutun nan mai launin toka da ke cewa Page 1 a tsakiyar allo idan aka shiga Page Break Preview ba lambar shafi ba ce, ba ya fita a takarda. Masu koyon aiki da yawa suna ganinsa su ɗauka an riga an sa lamba.

Aibi na biyu ya fi girma, kuma shi ne tushen yawancin rigimar da ake yi a bakin firinta: kowane jadawali a cikin fayil da nasa saitin. Abin da aka sa wa Sheet1 bai shafi Sheet2 ba. A ɗauki fayil ɗin da aka ware wa kowace ƙaramar hukuma jadawalinta, guda 34 ke nan a Jihar Katsina. Mai aiki ya sa lamba a na farko, ya duba, ya ga ta fito, ya tura duka. Sai na Bakori ya fito da lamba, sauran 33 babu. Maganinsa a danna sunan jadawali da maɓallin dama, a zaɓi Select All Sheets, sannan a yi saitin sau ɗaya. Amma akwai tarko biyu a nan. Na farko, saitin jadawalin da ke gaba ne zai hau kan sauran, har da tsayuwa ko kwanciyar takarda, don haka in akwai masu kwanciya a ware su daban da Ctrl. Na biyun ya fi haɗari. Muddin kalmar Group tana nan a saman allo kusa da sunan fayil, duk abin da aka rubuta a gida ɗaya, wato ɗan akwatin da layi da ginshiƙi suka haɗu kamar B7, zai shiga wannan gidan a duk jadawalan. Gyaran suna ɗaya a B7 zai goge B7 na ƙananan hukumomi 34. Da an gama saiti a danna dama a zaɓi Ungroup Sheets kafin a taɓa komai. A ganinmu gargaɗin da Excel ke bayarwa a nan ya yi ƙanƙanta matuƙa idan aka duba ɓarnar da ke iya biyo baya.

Sai batun ci gaban lamba daga jadawali zuwa jadawali. A ce fayil yana da jadawali uku: na farko shafi 3, na biyu 5, na uku 4. In aka zaɓi Print Entire Workbook, ko aka zaɓi duka ukun aka buga tare, lamba za ta tafi daga Shafi 1 na 12 har Shafi 12 na 12, bisa jerin sunayen daga hagu zuwa dama. In aka buga su ɗai-ɗai, kowanne zai fara daga 1, jimillarsa kuma tasa ce kaɗai: 1 na 3, 1 na 5, 1 na 4. Duka biyun daidai ne, ya danganta da abin da mai takarda yake so. Saboda haka tambayar da ya kamata mai shago ya yi kafin ya danna komai ita ce, "Malam, lamba ta zarce har ƙarshe, ko kowane aji ya fara daga ɗaya?" Ba kasafai ake yin ta ba, sai takarda ta fito a fara jayayya kan wanda zai biya.

Abin da ke riƙe da wannan shi ne ɗan akwatin First page number da ke ƙasan ɓangaren Page. Asalinsa Auto ne, wato fara daga 1 in kai ne farkon bugu, in ba haka ba ka ɗora daga inda na gabanka ya tsaya. Matsala tana zuwa ne idan wani ya taɓa rubuta 1 a wurin, galibi a tsohon fayil da ake ta kwafa shekara bayan shekara. Wannan jadawalin zai dage sai ya fara daga 1 ko a tsakiyar bugu yake, sai a ga Shafi 1 na 12 sau biyu a kundi ɗaya. Ba wata alama da ke nuna haka a fuska. Sai an bi jadawalan an goge lambar an rubuta Auto da hannu.

Juyin wannan ma yana faruwa. Jadawali na biyu kaɗai ake so a sake bugawa, an san daga shafi na 4 ya fara, sai a rubuta 4 a akwatin. Lambar farko ta gyaru, amma jimillar ba ta san da zancen ba. Abin da zai fito shi ne Shafi 4 na 5, Shafi 5 na 5, Shafi 6 na 5, har Shafi 8 na 5. Takardar albashi mai ɗauke da "8 na 5" ba mai binciken kuɗin da zai sa mata hannu. Gyara biyu ne. Ko a cire &N a rubuta 12 da hannu, ko a rubuta &N+7 a bar tazara ɗaya bayan bakwai ɗin. Mun fi son na farko don ba ya ba da mamaki, da sharaɗin a tuna a canja shi in an ƙara sunaye. Haka nan mai son bango marar lamba zai sa alama a Different first page, amma shafin da ke biye zai fito da 2. In ana so ya zama 1, sai a sa 0 a First page number, jimillar kuma a rage mata ɗaya.

Ɗalibai masu haɗa kundin kammala karatu suna cin karo da wani gibin. Rubutun yana Word, ya ƙare a shafi na 87, rataye kuma yana Excel. Sa 88 a First page number yana aiki. Amma Excel ba shi da lambobin Romawa irin i, ii, iii da ake sa wa shafukan gabatarwa, kuma ba wata dabarar lissafi da za a rubuta a cikin gida ta kawo lambar shafi. Ga kuma jadawali mai kwanciya: in aka ɗinke shi cikin kundi mai tsayuwa, lambarsa tana komawa gefe, ba ta daidaita da sauran. Ga irin wannan aiki shawararmu a kwashe jadawalin a kai shi Word, a bar Word ya yi ƙirga. Excel bai dace da shi ba, kuma ba amfanin a yi ta kokawa.

Yanzu ga abin da ke sa yawan shafukan kansa ya canja. Babban mai laifi girman takarda ne. Takardar da ake sayarwa a kasuwanninmu A4 ce, milimita 210 da 297, falle 500 a rim. Amma kwamfutoci da yawa, musamman na hannu da aka shigo da su daga Amurka, a kan Letter suke, wadda ta kai kusan milimita 216 da 279. Ta fi A4 faɗi kaɗan, ta kuma gaza ta tsawo da kusan milimita 18. Layin Excel na asali tsayinsa maki 15 ne a ma'aunin girman rubutu, don haka bambancin ya kai layi uku a kowane shafi. A lissafi, da gefen da Excel ke zuwa da shi, A4 na ɗaukar layi 48 ko kusa da haka, Letter kuma 45. Sunaye 500 ke nan shafi 11 a ɗaya, 12 a ɗayan. Girman takardar ma kowane jadawali da nasa, don haka ana samun fayil ɗaya rabinsa A4 rabinsa Letter. Wasu firintocin HP masu ɗan allo sukan tsaya cak suna neman a sa musu Letter, mai aiki ya danna maɓallin ci gaba ba tare da ya duba dalili ba.

Bayan takarda sai firinta. Excel yana tambayar direban firintar da aka zaɓa, wato manhajar da ke haɗa ta da kwamfuta, kafin ya yanka shafi, saboda haka canja firinta kaɗai kan tura layi ɗaya ko ginshiƙi ɗaya zuwa sabon shafi. Sai nau'in rubutu. Sabon Office na 'yan shekarun nan ya bar Calibri ya koma Aptos, kuma tsohuwar kwamfutar shago ba lallai tana da shi ba. Za ta musanya shi da wani, faɗin haruffa ya canja, rubutun da ke naɗe cikin gida ya ƙara layi. Wanda ya san fayil ɗinsa zai yi yawo gara ya tsaya a Arial ko Times New Roman, ba kwamfutar Windows da ba ta da su.

Farar takarda mai fitowa da lamba a gindinta ba komai a kai, wannan kowane mai shago ya san ta, kuma asara ce ta takarda da tawadar firinta. Dalilinta kusan kullum ɗaya ne: akwai wani gida can nesa da aka buga wa tazara, ko aka ja masa layin iyaka, ko yana ɗauke da lissafin da amsarsa ba ta nuna komai. A idon Excel duk wannan abu ne da za a buga. A danna Ctrl+End, zai kai mutum gida na ƙarshe da Excel ke ganin an yi amfani da shi. In bayanai sun ƙare a H420 amma ya tsaya a T900, an gano ɓarawon. A zaɓi layukan da ginshiƙan da suka wuce, a goge su gaba ɗaya da Delete na dannawar dama, a adana fayil. Ko kuma, mafi sauri idan layi ya yi tsawo a shago, a zaɓi A1 zuwa H420 a yi Set Print Area. A tuna cewa in aka zaɓi yanki biyu da ba su haɗe ba, kowanne shafinsa daban zai fita, kuma sunayen da aka ƙara daga baya a ƙasan yankin ba lallai su shiga ba sai an faɗaɗa shi. Layukan da aka ɓoye ko aka tace ba sa fita, jadawalin da aka ɓoye ma haka, duk suna rage jimilla.

Malaman da ke buga babban jadawalin sakamako su ne suka fi shan wahalar jerin shafuka. Ɗalibai 90, darussa sun yi yawa har faɗin ya ci takarda biyu. Asalin Excel shi ne Down, then over: shafi na 1 ɗalibai 45 na farko da darussan farko, shafi na 2 sauran ɗalibai, sai a shafi na 3 ragowar makin yaron da ke shafi na 1 zai fito. Shugaban makaranta zai riƙe 1 da 2 gefe da gefe ya ga ba su haɗu ba, ya ce an ruɗa lamba. Ba a ruɗa ba. A ɓangaren Sheet na Page Setup a koma Over, then down, sai 1 da 2 su zama rabi da rabin layi ɗaya. A wuri ɗaya kuma a cika Rows to repeat at top da $1:$3 don kanun su maimaitu, da Columns to repeat at left da $A:$B don suna da lambar ɗalibi su bi kowane shafi. In aka shigo akwatin ta hanyar Ctrl+P waɗannan wuraren a kulle suke, sai an shigo ta Page Layout, Print Titles. Wannan kullewar ba ta da wani bayani a allo, kuma tana cikin abubuwan da muke ganin ya kamata a ce an gyara tuntuni.

Mafi sauƙi dai a hana faɗin rabuwa. A kwantar da takarda, a zaɓi Fit All Columns on One Page, ko a Page Setup a sa Fit to 1 a faɗi a bar akwatin tsawo fanko. In aka bar 1 a tsawon ma, sunaye 500 za su matse a falle guda, kusan kashi 10 cikin ɗari, wanda shi ne iyakar ƙanƙantawar Excel, ba mai iya karantawa. Ko a kashi 60 ma rubutu mai girman 11 ya koma ƙasa da 7, dattijon da ke neman sunansa a jerin taki sai ya nemi yaro ya duba masa. Lambar shafi ita ma tana ƙanƙancewa tare da jadawalin, sai an cire alamar Scale with document. Sannan da zarar an kunna Fit to, Excel ba ya bin yankan da aka yi da hannu. Wanda ke son kowace mazaɓa ta fara a sabon shafi ya yi amfani da Adjust to, ya sa kashin da kansa.

Gefen ƙasa kuma: asali santimita 1.91 ne, lambar tana zaune a 0.76 daga bakin takarda. Masu son cusa ƙarin layi suna rage gefen har rubutu ya hau kan lamba, ko su tura lambar baki sosai, alhali yawancin firintocin leza ba sa iya bugawa a milimita 4 na bakin takarda. Lamba a santimita 1, gefen ƙasa a 2, na hagu a 2.5 ko 3 in za a ɗinke, wannan ya wadatar.

Game da abokan hamayyar Excel, LibreOffice Calc kyauta ne kuma tunaninsa a nan ya fi na Excel tsari. Saitin shafi salo ne mai suna, jadawalai da yawa suna iya rataya a salo ɗaya, a gyara sau ɗaya ya shafi duka. Yana kuma da zaɓin hana fitar da fankon shafi, a Tools, Options, LibreOffice Calc, Print. Lamba tana komawa farko ne kawai idan jadawali na gaba yana da salo daban kuma an sa masa First page number. Rauninsa shi ne fayil ɗin Excel da aka buɗe a cikinsa kan zo da salo daban ga kowane jadawali, sai ribar ta tafi. Google Sheets ya fi kowa sauƙin sa lamba, alama ɗaya ce a ƙarƙashin Headers & footers, amma galibi yana bukatar intanet, kuma ikon da yake bayarwa bai kai na Excel ba. WPS da ke wayoyin mutane ya isa a duba fayil a gyara suna. Ba mu ba da shawarar a yanke hukuncin yawan shafuka da abin da waya ta nuna ba. Fayil ɗin CSV kuwa, mai ajiye zallar bayanai ba tsari, ba ya riƙe saitin shafi ko kaɗan, duk wahalar da aka sha tana tafiya da an rufe shi.

Hukuncinmu shi ne Excel yana da kusan duk abin da ake bukata, amma ya watsa su a wurare huɗu ko biyar, ya kuma ɓoye waɗanda suka fi jawo asara. Ga shago mai aikin makarantu da ofisoshi har yanzu shi ne zaɓi, da sharaɗin kada a buga aiki mai yawa kai tsaye daga cikinsa. A gama saiti, a yi Save As a zaɓi PDF, a shiga Options a zaɓi Entire workbook, domin in ba haka ba jadawalin da ke gaba kaɗai zai fita. A buɗe PDF ɗin a duba shafin farko, na ƙarshe, da inda kowane jadawali ya fara. In ana amfani da Microsoft Print to PDF sai ya yi ta neman sunan fayil sau biyu ko uku, to Print quality na jadawalan ne ya bambanta, wani 600 wani 300, a daidaita su. Daga nan lamba ta zauna. In wuta ta ɗauke a shafi na 37, ko takarda ta maƙale, sai a buga daga 37 zuwa ƙarshe. Mai turo aiki ta WhatsApp daga Daura ko Mashi ma PDF ɗin ya kamata ya turo, mai shago kuma ya tabbatar takarda na kan A4, girma na kan Actual size, sannan in kwafi ya wuce ɗaya ya sa alama a Collate don su fito 1, 2, 3 a jere.